Canza shakazobar mota a gida: Abin da mai mota zai iya yi da kansa, da inda ya kamata ya dakata

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da kuma sakin Naira a kasuwar canji a watan Yunin shekarar, kula da mota ya zama nauyi ga magidanta da dama a Najeriya. Galibin kayan gyaran mota daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka duk lokacin da Dala ta tashi, farashinsu a kasuwar Ladipo da ke Legas, da Nkwo Nnewi a jihar Anambra, da unguwar kanikawa ta Apo a Abuja, shi ma sai ya bi ta.

A irin wannan hali, ba abin mamaki ba ne mai mota ya fara lissafin ayyukan da zai iya yi da hannunsa domin ya rage kuɗin da yake kai wa gareji. Canza shakazoba na daga cikin ayyukan da ke faɗowa cikin wannan lissafi, musamman ganin yadda ramukan titi da tudun rage gudu ke cinye kayan ƙafar mota kafin lokacinsu.

Sai dai aikin ya kasu gida biyu. Akwai nau'in shakazobar da mutum mai natsuwa, wanda ke da kayan aikin da suka dace, zai iya canzawa a ƙofar gidansa cikin 'yan sa'o'i. Akwai kuma nau'in da kuskure ɗaya a cikinsa kan iya jawo karaya, ko makanta, ko asarar rai. Sanin bambancin waɗannan biyun shi ne matakin farko, tun kafin a ɗauki sifana.

Mene ne aikin shakazoba?

Mutane da yawa na ɗauka cewa shakazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. A haƙiƙa wannan aikin sifirin ne, ko dai mai murɗi irin na ƙananan motoci, ko kuma na falle-fallen ƙarfe irin wanda ke bayan Toyota Hilux da Hiace. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ne ke lanƙwashewa ya shanye bugun. Matsalar ita ce, sifirin da aka danna ba ya komawa ya tsaya cak, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa. Aikin shakazoba shi ne kashe wannan lilon.

A cikinta akwai bututu cike da mai, da fistin da ke haɗe da wata sandar ƙarfe mai sheƙi. Duk lokacin da ƙafar mota ta motsa, fistin ɗin kan tilasta wa man ya ratsa ta wasu ƙananan ƙofofi. Wahalar da man ke sha wajen ratsawa ita ce ke rage ƙarfin motsin, ta mayar da shi zafi. Wannan ne dalilin da ya sa shakazoba mai lafiya kan yi ɗumi bayan tafiya a hanya marar kyau. Yawancin na zamani na ɗauke da iskar naitirojin da aka matse a ciki, domin hana man yin kumfa idan aiki ya yi yawa.

Muhimmancin wannan ya wuce jin daɗin zama a kujera. Abin da ke haɗa mota da titi bai wuce wurare huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Idan shakazoba ta mutu, taya kan riƙa tsalle, tana sakin ƙasa tana kamawa, kuma a duk daƙiƙar da ta saki, birki da sitiyari ba su da iko a kanta. Sakamakon haka, tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya kan ƙaru, ta riƙa tangaɗi a kwana, kuma ta fi saurin zamewa a kan jiƙaƙƙen titi lokacin damina.

Alamomin da ke nuna ta gaji

Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su KYB na Japan da Monroe na Amurka, kan ba da shawarar a yi tunanin canza ta idan ta kai kimanin kilomita 80,000. Wannan adadi ma'auni ne kawai, domin motar da ke bin hanya mai ramuka kullum, ko take ɗaukar kaya fiye da kima, ba lallai ba ne ta kai haka.

Alama mafi bayyana ita ce yoyon mai. Ɗan danshi kaɗan da ƙura ta manne a kai kusa da saman bututun ba lallai ne ya zama matsala ba. Amma idan man ya gangaro har ƙasa, jikinta ya jiƙe, to robar da ke tare man ta lalace, kuma shakazobar ta gama aiki.

Sauran alamomin sun haɗa da mota ta riƙa dungurar da gaba idan an taka birki, ko ta ci gaba da lilo bayan ta haye tudun rage gudu, ko kuma taya ta cinye a wurare daban-daban, wani wuri ya lotsa wani ya taso, ta yadda idan aka shafa ta da hannu za a ji kamar ƙananan kwaruruka. Akwai kuma tsohon gwajin da direbobi suka sani, wato a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauƙi. Idan ta yi lilo sau biyu ko uku, akwai matsala. Sai dai wannan gwaji yana kama wadda ta mutu murus ne kawai, wadda ta fara rauni tana iya tsallake shi.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan ɗora wa shakazoba alhali ba laifinta ba ne. Na farko shi ne ƙarar ƙwanƙwasa a ƙafar mota, wadda sau da yawa daga robobin bushin take, ko boljoyin, ko ƙaramar sandar da kanikawa ke kira linkej. Na biyu shi ne mota ta zauna, bayanta ya yi ƙasa. Wannan alamar sifirin ne da ya gaji ko ya karye, kuma sabuwar shakazoba ba za ta ɗaga ta ba. Ya kamata a tabbatar da ainihin abin da ya lalace kafin a kashe kuɗi.

Nau'i biyu, haɗari biyu

Nau'i na farko shi ne shakazoba mai zaman kanta. Ita bututu ce kawai, a ɗaure da bol ko noti a sama da ƙasa, sifirin kuma yana gefe a nasa mazaunin. Ana samun ta a bayan motoci irin su Hilux da Hiace, da kuma bayan Volkswagen Golf daga samfuri na huɗu zuwa sama. Wannan ita ce wadda ta fi dacewa da aikin gida.

Nau'i na biyu shi ne shakazoba mai goyon sifirin, wadda sifirin ke naɗe a jikinta, an matse shi tsakanin wani faranti a ƙasa da murfi a sama. Tsarin da ya fi yaɗuwa a gaban ƙananan motoci ya samo sunansa ne daga wani injiniya ɗan Amurka, Earle MacPherson, wanda ya ƙirƙiro shi a shekarun 1940. Shi ne a gaban Toyota Corolla da Camry, kuma shi ne a gaban tsohuwar Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. A wannan tsari, shakazobar wani ɓangare ce na ƙashin ƙafar motar, tana juyawa tare da sitiyari, kuma tana da hannu a saitin taya.

Hanyar gane nau'in da ke jikin mota mai sauƙi ce. A leƙa ta bayan taya. Idan bututun yana tsakiyar sifirin, to mai goyo ce. Ya kamata a duba gaba da baya, domin wasu motocin, kamar tsofaffin samfuran Camry, suna da mai goyo a ƙafafu huɗu.

Akwai rukuni na uku da bai kamata a taɓa shi a gida ba sam, wato motocin da ƙafarsu ke aiki da jakar iska, ko famfon mai, ko na'urar lantarki, kamar wasu samfuran Range Rover da Mercedes-Benz da Lexus LX. Waɗannan na buƙatar a sauke matsin da ke cikinsu ta hanyar da kamfani ya tsara, wani lokaci kuma sai da kwamfutar gwaji.

Saye: Inda ake fara yin asara

Ƙa'idar farko ita ce, bibbiyu ake canza shakazoba, na gaba tare, na baya tare. Idan aka sa sabuwa a dama aka bar tsohuwa a hagu, ɓangarorin biyu za su riƙa amsa bugun hanya daban, motar kuma ta riƙa karkata a lokacin birki.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a je kasuwa da lambar jikin mota, wadda ke da haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci, ana kuma ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da cikin takardun mota. Motoci masu suna ɗaya da shekara ɗaya kan bambanta, ya danganta da ko don kasuwar Amurka aka ƙera su, ko Turai, ko yankin Gulf. Haka kuma, a nau'in mai goyo, ta dama da ta hagu sau da yawa ba ɗaya ba ne, domin maƙalan bututun birki da na linkej suna fuskantar ɓangarori daban.

Daga nan sai zaɓi tsakanin sabuwa da ta hannu, wadda aka fi sani da Beljiyam ko tokunbo. Kowanne na da nasa tarko. A ɓangaren sababbi akwai jabu, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a kwali amma cikinsu ba haka yake ba, matsalar da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ke da alhakin yaƙi da ita. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna abin tuhuma ne, domin araha ba ta ado. Karɓar rasiti mai ɗauke da sunan shago da lambar kayan na taimakawa idan an zo mayarwa.

A ɓangaren ta hannu kuwa, babu wanda ya san kilomita nawa ta ci kafin ta iso tashar Apapa. Akwai kuma waɗanda ake hudawa a ɗura musu mai, a toshe, a fesa musu baƙin fenti su koma kamar sababbi. Mai saye ya duba sandar ƙarfen da kyau, kada ta kasance da tsatsa, ko ƙarzuwa, ko lanƙwasa. Ya nemi alamar walda ko toshi a jikin bututun. Sannan ya tsayar da ita a miƙe, ya danna sandar har ƙasa ya ja ta. Ya kamata ya ji turjiya iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tare da wani wuri da ta tafi salin-alin ba. Mai iska a ciki kan turo sandar waje da kanta a hankali. Idan biyu za a saya, a gwada su tare, a tabbatar ƙarfinsu ya zo ɗaya.

Kayan aiki da wurin aiki

Ana buƙatar jak mai ƙarfi, da matokaran ƙarfe guda biyu waɗanda aka ƙera domin ɗaukar mota, da katako ko wani abu mai nauyi na tare tayoyi, da jerin sifanu. A motocin Japan an fi haɗuwa da masu lamba 12, 14, 17, 19, 21 da 22. Sai man fesawa mai sassauta tsatsa, da burushin ƙarfe, da tabarau na kare ido, da sifana mai ma'auni, wadda ke nuna iyakar ƙarfin da ya kamata a ɗaure kowane noti. Littafin gyara na samfurin motar shi ne ke ba da waɗannan alƙaluma.

Batun matokarai shi ne wanda ba a yi masa rangwame. Ƙaramar mota irin Corolla ta haura tan ɗaya a nauyi. Jak ɗin da ke zuwa a but an yi shi ne domin canza taya a bakin hanya na 'yan mintuna, kuma jak mai aiki da mai yana iya saki ba tare da gargaɗi ba. Bulon siminti, wanda ake yawan gani a ƙarƙashin motoci a gefen titi, yana iya tarwatsewa nan take idan nauyi ya taru masa a wuri guda. Bai halatta wani sashe na jikin mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Bayan an kafa matokarai, yana da kyau a tura tayar da aka cire a kwance a ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu.

Wurin aiki ya kasance shimfiɗaɗɗe mai tauri, kamar daɓen siminti. Yashi da jar ƙasa, musamman bayan ruwan sama, kan sa jak ya nutse ko ya karkace. A nisantar da yara, kuma a samu wani babba a kusa wanda zai kai ɗauki idan wani abu ya faru.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa game da birkin hannu. A yawancin motoci, tayoyin baya kawai yake riƙewa. Idan aka ɗaga bayan mota, ya tashi daga aiki. A motar da ke ja da baya, kamar Hiace, giyar da aka saka ma tayoyin baya take kullewa, don haka da zarar sun bar ƙasa babu abin da ke hana motar gangarawa sai abin da aka tare tayoyin gaba da shi. A tare su gaba da baya.

Matakan canza mai zaman kanta

Tun daren jiya, ko aƙalla sa'a guda kafin a fara, a goge notuna da burushi a fesa musu man tsatsa. Ana sassauta notunan taya ne tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga ta a wurin da littafin mota ya nuna, a sauke nauyinta a kan matokarai, a girgiza ta kaɗan domin a tabbatar ta zauna daram, kafin a cire taya.

Mataki na gaba shi ne a sa jak a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, a ɗaga shi kaɗan har ya karɓi nauyi. Dalili shi ne, a motoci da yawa shakazoba ce ke hana ƙafar sauka fiye da kima. Idan aka cire ta babu tallafi, ƙafar na iya faɗowa, ta ja bututun birki, ko sifirin ya fita daga mazauninsa. Saboda wannan dalili ne kuma ake gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa ɗayan, wanda ke zama abin dubawa idan an manta yadda wani abu yake.

Sai a kwance bol na ƙasa, sannan na sama. A wasu motocin ana kai wa ga na sama ne ta cikin but, bayan an ɗaga shimfiɗar gefe. Idan sandar na juyawa tare da noti, akwai wurin kamawa a ƙarshenta da aka tanada domin haka. Ɗaukar hoto da waya kafin a kwance na taimakawa wajen tuna jerin robobi da wasoshi.

A jera tsohuwa da sabuwa a gwada tsawonsu da bakunansu. Kafin a ɗaura sabuwar, a tsayar da ita yadda za ta zauna a mota, a danna a ja sau uku zuwa biyar, domin man da iskar da suka gauraya lokacin da take kwance a shago su koma wurarensu. Idan ta zo a ɗaure da igiyar roba ko waya, kada a yanke sai an ɗaura sama an saita ƙasa. Kada kuma a kama sandar mai sheƙi da filaya, domin ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yaga robar da ke tare mai, sabuwar shakazoba ta fara yoyo cikin ɗan lokaci.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Bol ɗin da ya ratsa ta cikin robar bushin ba a ɗaure shi tamau yayin da ƙafar ke reto. Ana ɗaure shi kaɗan, sai motar ta sauka a kan tayoyinta, ko kuma an ɗaga ƙafar da jak zuwa tsayin da take zama a kullum, sannan a ƙarasa ɗaurin da sifana mai ma'auni. Idan aka ɗaure tun tana reto, robar za ta zauna a murɗe tun ranar farko, ta tsage da wuri, ƙarar da aka yi aikin domin ta kuma ta dawo.

Notunan taya ana ɗaure su ne a tsallake, ɗaya sannan na ɗaura da shi, kamar zanen tauraro. A Corolla da Camry ma'aunin da kamfani ya bayar shi ne 103 a ma'aunin Nm. Hawa kan sifana da ƙafa, kamar yadda ake gani a wuraren faci, kan miƙar da zaren ƙusoshin har su tsinke.

Mai goyon sifirin: Inda ya kamata a dakata

Cire nau'in mai goyo daga jikin mota bai fi ƙarfin mai kula ba. Ana kwance maƙalin bututun birki, da wayar na'urar ABS, da linkej, sannan manyan bol da ke haɗa ta da ƙashin taya. Kafin a kwance su, a yi alama da fenti ko alli a yadda suke zaune. A tallafe ƙashin tayar da jak ko a ɗaure shi da waya mai ƙarfi, kada ya kifo waje ya zaro shaf daga giya ko ya ja bututun birki. Daga nan sai a buɗe bonet a kwance ƙananan notunan da ke kewaye da saman, galibi guda uku, a bar ɗaya a sassauce har sai an riƙe ta da hannu.

A tsakiyar waɗannan ƙananan notuna akwai babban noti guda. Shi kaɗai ne ke riƙe da sifirin da aka matse da ƙarfin da ya kai na ɗaruruwan kilo. Duk wanda ya kwance shi ba tare da an riga an matse sifirin da na'urar da aka yi domin haka ba, murfin da sifirin za su fita kamar harbi, kuma fuska da ƙirjin mai aikin ne suka fi kusa. Ba a taɓa wannan noti a jikin mota, kuma ba a taɓa shi a ƙasa sai sifirin ya saki murfin gaba ɗaya.

Na'urar matse sifirin da ake sayarwa domin aikin gida wasu dogayen ƙusoshi ne guda biyu masu ƙugiya. Ana kafa su ɗaura da juna, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, da hannu, ba da injin ɗaure noti ba. Idan ɗaya ya fi ɗaya matsewa, sifirin kan lanƙwashe, ƙugiyoyin su zame gefe guda. Marasa inganci kuma kan lanƙwashe ko su tsinke. Amfani da igiya, ko waya, ko bel domin ɗaure sifirin, kasada ce da rai.

Ga wanda bai taɓa yin wannan aiki a gaban gwani ba, akwai hanyoyi biyu masu aminci. Ta farko ita ce a sayi cikakkiyar shakazoba wadda ta zo da sifirinta da murfinta a haɗe, a cire tsohuwa a sa sabuwa ba tare da an buɗe komai ba. Ta fi tsada, amma ta kawar da haɗarin baki ɗaya. Ta biyu ita ce a cire tsohuwar a gida, a kai ta tare da sabuwar wurin bakanike mai na'urar matsewa ya mayar da sifirin, a dawo a ɗaura. Kuɗin wannan ɗan aiki bai kai na jinyar karaya ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk hanyar da aka bi, lokacin da aka buɗe shi ne lokacin duba murfin sama da boris ɗin da ke cikinsa, da robar da ke rufe sanda daga ƙura, da guntun robar da ke tare bugu na ƙarshe. Idan sun gaji a canza su, domin mayar da tsofaffi na nufin sake kwance komai nan gaba kaɗan. A kuma tabbatar ƙarshen sifirin ya zauna a gurbin da aka yi masa a kan faranti.

Bayan an kammala

Idan nau'in mai goyo aka canza a gaba, wajibi ne a kai mota saitin ƙafa, wanda aka fi sani da alaimen. Bambanci kaɗan a yadda bol suka zauna ya isa ya sa sabuwar taya ta cinye ta gefe guda, sitiyari kuma ya riƙa ja. Wannan aiki ne na na'ura, ba a yin sa da ido.

Kafin a hau babban titi, a taka birki sau da yawa a tsaye, a duba cewa bututun birki da wayar ABS sun koma maƙalansu kuma ba sa gogar taya idan an juya sitiyari har ƙarshe. A zagaya unguwa a hankali ana saurare. Bayan tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa 100, a sake bin notunan taya da na shakazobar da sifana.

Tsohuwar da aka cire ma tana da nata haɗarin. Akwai mai a cikinta, kuma tana iya kasancewa da sauran iska a matse. Ba a jefa ta cikin wutar shara, ba a sa mata wutar walda, domin tana iya fashewa. Idan za a bai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya dace a shaida musu haka, kuma kada a bar yara su yi wasa da ita.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi, suna da hurumin tsayar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba, kuma doka ba ta tambayar ko a gareji aka yi gyaran ko a gida. Alhakin lafiyar motar na wuyan mai ita. Wanda ke da matokarai, da sifana mai ma'auni, da littafin motarsa, zai iya canza shakazoba mai zaman kanta ya kuma rage kashe kuɗi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu, ko kuma motarsa mai goyon sifirin ce alhali ba shi da amintacciyar hanyar matse shi, gara ya kai wa bakanike, ya tsaya a wurin ya tabbatar an canza bibbiyu, an ƙarasa ɗauri bayan mota ta sauka, an kuma yi saitin ƙafa kafin ya ɗauki iyalinsa.